Sabon Akawun Malam Tafireta

Malam Tafireta ake ce masa a layin, tun zamanin da yake buga takardu a wani ofishi, lokacin idanunsa na nan garau. Tafiretar ta daɗe da komawa cikin tsofaffin ƙarafa, amma sunan ya manne masa, shi ma bai taɓa ƙoƙarin ɓamɓare shi ba.

Ganinsa bai tafi rana ɗaya ba. Daga gefe ya fara cinyewa, yana matsowa tsakiya a hankali, har ya zamana yana ganin harafi ɗaya ba ya ganin na kusa da shi. Daga baya harafin ma ya tafi. Ofis suka sallame shi da kalmomi masu daɗi, ya dawo gida ya zauna. Duhun bai dame shi kamar yadda muryoyin mutane suka dame shi ba. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ɗaga murya, ya riƙa jan magana a hankali, kamar kunnen ma ya bi idon. Aka riƙa kama masa hannu ko bai nema ba. Aka riƙa tambayar matarsa ko zai sha shayi, alhali ga shi nan zaune.

Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Wata safiya dai ya sa matarsa ta raka shi wata cibiya da ake koya wa marasa gani sana'a. Can aka zaunar da shi gaban kwamfuta mai manhajar da ke karanta duk abin da ke kan allo da murya. Malamin wurin ya fara yi masa bayanin inda kowane harafi yake, sai ya ji madannai suna ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Yatsun ba su manta komai ba. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya saba da muryar.

Ya kuwa saba da ita. Murya ce ta namiji, busasshiya, ba gaisuwa ba dariya, don haka ya raɗa mata suna Akawu. Da farko Akawu bai iya Hausa ba, kowace kalma sai ya murɗe mata wuya. Malam ya zauna yana shigar masa da yadda ake furta su, kalma bayan kalma, shekara da shekaru, har bakinsa ya gyaru. Ya kuma riƙa ƙara masa sauri kaɗan-kaɗan, har ya kai inda baƙo in ya ji sai ya ɗauka rediyo ce ta lalace.

"Kai kaɗai kake jin yaren nan, Malam," matarsa takan ce. "Ko gulmata kuke yi ba zan sani ba."

"Muna yi," yakan amsa. "Kullum."

Aikinsa na wani ƙaramin ofishi ne da ke bincike kan lafiyar jama'a. Ma'aikatansu su je su yi hira da mutane su naɗi murya, shi kuma ya mayar da hirar rubutu, ba ragi ba ƙari, har tari da shirun da mai magana ya yi sai ya nuna. Ɗakinsa ɗan ƙarami ne, kusa da ƙofar gida. Tebur ɗaya, kujera mai matashi da ta ɗauki siffar bayansa, akwatin kwamfuta a ƙasa kusa da ƙafarsa ta hagu, da wani abin takawa kusa da ta dama, wanda yake tsayar da hira ko ya mayar da ita baya da shi. Allon kwamfutar kuwa bai taɓa kunna shi ba. Matarsa ta lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura, shi kuma a kansa yake ajiye hularsa.

A waje ya haƙura, ana kama masa hannu wajen tsallaka titi. Amma daga bakin ƙofar ɗakin nan zuwa ciki, babu mai jan sa. Shi yake shiga shafin ofis na intanet ya sauke aikinsa, shi yake bugawa, shi yake aikawa. Wannan ɗan fili kaɗai ya rage masa a duniya da ba ya jiran kowa, kuma duk gidan sun san haka ko da ba a taɓa faɗa ba.

Yana da wata ɗabi'a da yake ji da ita. In zai fara bugu, sai ya rufe bakin Akawu gaba ɗaya, ya bar kunnensa ga hirar kawai. Cewa yake wanda ya iya bugu ba ya bukatar a gaya masa harafin da ya danna. Sai ya gama tas, sannan ya saki Akawu ya karanto masa daga farko. Da wuya ya sami abin gyara.

Ana nan haka sai Akawu ya fara kawo wani saƙo kowace safiya. Wai tsarin da ke tafiyar da kwamfutar ya tsufa, masu shi sun daina kula da shi, a daure a koma sabo. Malam yakan saurara har ƙarshe, don ba ya katse kowa, sannan ya danna "sai an jima". Watanni suka shuɗe ana wannan gaisuwar.

Sai wata rana Dakta, shugabar ofishin, ta kira shi da kanta. Bayan sun gaisa ta yi ta kewaye-kewaye, abin da ba halinta ba ne.

"Dakta, faɗi kawai," in ji shi. "A zaune nake."

Ta ce hirarrakin nan sirrin mutane ne, na ciwonsu da na gidajensu. An umarce su su ƙara tsaro, don haka nan gaba kaɗan shafin ofis zai daina buɗe wa duk kwamfutar da ke kan tsohon tsari. Ta ce ba ta son rasa shi, ya duba abin da zai yiwu.

Ya aika aka kira masa mai gyaran kwamfuta da ke da shago a bakin babban titi, wanda kowa ke ce wa Injiniya. Mutum ne da furfura ta fara fito masa, mai son tsokana, kuma ya daɗe yana kula da akwatin Malam. Ya durƙusa ya buɗe murfin, ya hura ƙura, ya yi atishawa.

"Malam, wannan akwati naka zai ɗauki sabon tsari. Ɗan ƙarin ƙwaƙwalwa kawai zan sa masa. Sai dai fa mutuminka ba zai bi ka ba."

"Wane mutumin nawa?"

"Akawu mana. Tsohon ma'aikaci ne, sabon ofis ba su tanadar masa kujera ba. Sabon tsarin da nasa mai karatun yake zuwa."

"Kalmomin da na koya masa fa?"

Injiniya ya ɗan daɗe yana ɗaure wani ƙusa da bai kwance ba. "Zan iya kwafe maka su ka ajiye. Amma sabon ba zai gane su ba. Sai an sake daga farko."

"In na ƙi fa?"

"In ka ƙi, kwamfutarka za ta ci gaba da aiki lafiya lau. Ofis ne kawai ba za su buɗe mata ƙofa ba."

Malam ya yi masa godiya, ya ce zai yi tunani.

Auta ce ta zo da mafita. Ita ce ƙaramar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, tana zaune da mijinta a ɗaya gefen gari. Da ta ji labarin daga bakin uwarta, sai ta shigo ɗakin ta zauna a bakin tebur kamar yadda take yi tun tana yarinya.

"Baba, to mene ne abin wahala a nan? Ga tawa kwamfutar, sabuwa ce. In sauke maka aikin in kawo maka a filashi, in ka gama in karɓa in aika. Kai da Akawunka ku ci gaba da shan sha'aninku. Wa zai ce mutum mai shekarunka ya koma aji ɗaya?"

"Ke ba ki da naki aikin ne?"

"Ai hanyata ce, Baba."

Ba hanyarta ba ce, kuma ya sani. Amma maganar ta zo masa da sauƙi, ga shi Dakta ta amince tunda Auta ma'aikaciyar lafiya ce, ta san riƙon sirri. Sai ya ce to, a gwada.

Makonnin farko komai ya tafi daidai. Auta ta biyo da safe kafin ta wuce asibiti, ta ajiye filashi, ta sha ruwa a tsaye, ta wuce. Uwarta ma daɗi ta ji, ta ce da ma hanyar ganin 'yarta take nema.

Sai wata rana abokiyar aikin Auta ta kwanta rashin lafiya, aka riƙe ta a asibiti. Malam ya gama abin da ke hannunsa tun jiya. Ya shiga ɗaki da safe kamar kullum, ya ajiye hula, ya kunna kwamfuta, ya ɗora yatsu a kan madannai, babu abin bugawa. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layin sai ya ɗaga kai. Ya ji mai ɗinkin da ke kallon gidansu ya buɗe shago, ya ji kekensa na aiki, ya ji ya tsaya cin abinci, ya ji ya koma. Da rana wani daga ofis ya kira yana tambayar aikin da ake jira.

"Yana hanya," in ji Malam.

Aikin kuwa yana nan kusa da ƙafarsa ta hagu, a gama, ba shi da yadda zai yi ya tura shi.

Rana ta kusa faɗuwa Auta ta iso, da kayan aiki a jikinta, warin maganin asibiti na bin ta. Daga yadda take jan takalmi ya gane ba ta zauna ba tun safe. Ta yi ta ba shi haƙuri, yana cewa ba komai. Sannan ta kama hannunsa, ta juya tafin sama, ta sa filashin a ciki, ta naɗe masa yatsu a kai. Ta ɗan ɗaga murya, tana jan kalmomin a hankali.

"Ga shi nan, Baba. Ka ji shi ko? A hannunka yake."

Gajiya ce ta sa, ba ta ma san ta yi ba. Ya sa mata albarka, ya ce ta shiga wurin uwarta ta ci abinci kafin ta faɗi. Bayan ta fita ya daɗe da filashin a hannu bai sa shi a kwamfuta ba.

Washegari da safe ya ce a kira masa Injiniya.

Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya. "Malam, yarinyar nan ta yi maka wani abu ne?"

"Alheri ta yi min."

"To mene ne na tayar da zaune tsaye? A shekarun nan naka?"

"Shekarun nan nawa ba su hana ni cin abinci ba. Ke kike dafawa, kin sani."

"Ni dai na faɗa. Ranar da sabon nan ya rikita ka, kada ka huce a kaina."

"A kan wa zan huce in ba ke ba?"

Ta yi tsaki mai haɗe da dariya, ta tafi neman wayarta.

Injiniya ya zo da jakarsa bayan hantsi. Ya cire hular daga kan allo, ya yaye ƙyallen, ya kunna shi a karon farko cikin shekaru, yana mamakin cewa har yanzu yana kawo haske. Ya kwafe duk abin da ke ciki, ya ce ya shirya, izini kawai yake jira. Malam ya miƙa hannu ya danna maɓallin da ke sa Akawu ya faɗi lokaci. Akawu ya faɗa, a bushe, da saurinsa na kullum.

"To," in ji Malam. "Bismillah."

A tsakiyar irin wannan aiki akwai dogon lokaci da kwamfuta ba ta magana. Injiniya yana kallon allo, yana cewa ana tafiya, an kusa rabi, an wuce rabi. Malam ya sunkuya ya ɗora tafin hannunsa a jikin akwatin, yana jin ɗuminsa da ɗan motsin fankar da ke ciki. Haka ya zauna har bayansa ya ƙage.

Da sabuwar muryar ta fito, matarsa ce ta fara leƙowa. Murya ce mai laushi, mai ladabi, tana hawa tana sauka kamar ta mai karanta labarai.

"Kai, wannan ai ya fi wancan tarbiyya," in ji ta. "Ka ji har sannu da zuwa ya yi maka."

Malam ya ƙara masa sauri zuwa inda ya saba. Kalmomin suka narke cikin juna, bai tsinci ko ɗaya ba. Ya rage kaɗan, ya buɗe wata tsohuwar takarda ya ba shi. Sabon akawun ya shiga Hausa kamar mai tafiya a kan duwatsu da takalmin aro. Injiniya ya so ya danne dariyarsa bai iya ba.

"Malam, wannan ko a kasuwa ba za a sayar masa da gishiri ba."

"Wancan ma haka ya zo."

Kafin ya tafi, Injiniya ya dawo daga bakin ƙofa, ya rage murya. "Bari in gaya maka wani abu. Tsohon tsarin yana nan a ɓoye a ciki, da Akawu da komai, na 'yan kwanaki. In abin ya gagara ka kira ni, nan da nan za mu koma. In kwanakin suka wuce, kwamfutar za ta share shi da kanta, shi ke nan kuma."

A ranar Malam bai buga komai ba. Laluben hanya ya yi ta yi. Abin da a da yake samu da dannawa biyu yanzu an canza masa mazauni, kamar mutum ya dawo daga tafiya ya tarar an juya kayan ɗakinsa. Ya ɓata, ya dawo, ya sake ɓata. Amma kafin la'asar shafin ofis ya buɗe masa, ya sauke sabon aiki da hannunsa. Ya kira Auta ya ce gobe ta wuce asibitinta kai tsaye, in ta zo gidan nan to gaisuwa ta kawo ta.

Aikin doguwar hira ce da wata tsohuwa da ta yi shekaru tana jinyar mijinta. Magana take ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana komawa baya. Da safe Malam ya sa abin sauraro a kunne, ya buɗe sabuwar takarda, ya rufe bakin sabon akawun kamar yadda ya saba yi wa tsohon, ya taka abin takawa. Yatsun suka kama hanya. Madannai dai ba su canza ba, suna nan inda ya bar su. Tsohuwa tana magana, yana bin ta, ta tsaya ya tsaya, ta yi dariya ya nuna ta yi dariya. Matarsa ta jiyo ƙarar daga kicin, ta ce a ranta ashe dai abin bai kai yadda ake tsoro ba. Shi ma abin da yake ji ke nan. Bai ɗaga hannu ba sai da rana ta take tsaka, tsohuwa ta yi sallama da mai tambayarta.

Ya miƙe ƙafafu, ya saki bakin akawu, ya ce ya karanto daga farko.

Akawun ya karanta gaisuwar buɗe hira. Ya karanta tambaya ta farko da rabin amsarta. Sai ya ce, cikin ladabi, "Ƙarshen takarda."

Malam ya sake sa shi. Ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

Injiniya ya rufe shagonsa ya zo da sauri. Ya kunna allo, ya duba.

"Me ka gani?"

"Wani ɗan akwati ne ya fito a kan takardar taka, tun kana layin farko-farko. Sabon tsarin yana yin haka, yakan leƙo ya yi tambaya. Duk abin da ka buga bayan nan shi ya tare, bai shiga takarda ba. Da bakin mai karatun a buɗe yake, da ya gaya maka tun lokacin."

"Me yake tambaya?"

Injiniya ya yi gyaran murya. "Wai wane hoto kake so a fuskar allo. Teku ko duwatsu."

Matar Malam da ke tsaye a ƙofa ta rufe baki da gefen mayafi, ita kanta ba ta san ko dariya ce ko kuka ke son fitowa ba.

"Ka ce masa teku," in ji Malam.

Injiniya ya danna. Wannan karon bai yi tsokana ba. "Malam, ba abin kunya ba ne. Ƙofar nan da na gaya maka tana nan a buɗe. Kafin ka sha shayi na dawo maka da mutuminka."

"Ka karɓa mana, Malam," in ji matarsa. "Auta ba ta ce ta gaji ba."

"Ba za ta taɓa cewa ba." Ya lalubi hularsa, ya tuna ba a kan allo take ba yanzu, ya mayar da hannun kan cinya. "Injiniya, koma shagonka. Na gode. In ina nemanka zan aiko."

Bayan kowa ya fita ya zauna shi kaɗai. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya ɗora wa sabon laifi, amma ya juya maganar ta kowane gefe bai ga inda za ta zauna ba. Akawun ya ga akwatin tambayar, yana da abin faɗa, shi ne ya rufe masa baki. Shekara da shekaru yana bugu a shiru don ya san tsohon gida lungu-lungu. Wannan gidan bai san shi ba tukuna, kuma ya shige shi da tafiyar mai gida.

Ya ɗauki waya ya kira Dakta. Ya ce aikin tsohuwar nan zai makara, ya buga shi ya zube, zai sake. Tun da ya fara yi musu aiki bai taɓa faɗin irin wannan ba, har sai da Dakta ta tambaya ko lafiya yake.

"Lafiya ƙalau. Makaranta na koma."

Sannan ya shiga saitin mai karatun. Ya rage saurinsa har ƙasa da yadda mutane ke magana. Ya kunna abin da ya raina tun yana cibiya, wato a riƙa faɗa masa kowane harafi da ya danna. Ya zare abin sauraro daga kunne ɗaya, ya bar tsohuwa a hagu, akawu a dama ta lasifika. Ya taka, ya fara.

Abin ba daɗi. Muryoyi biyu suna jan kansa, yatsun da suka saba gudu suna karo da juna don dole su jira. Yakan buga jimla ɗaya ya tsaya, ya mayar da hira baya, ya sake ji. Gidan da ya saba jin ruwan sama daga ɗakin nan yanzu ɗigo yake ji, ga murya tana kiran haruffa ɗaya bayan ɗaya a fili.

Kashegari wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta tsaya daidai tagar ɗakin.

"Maman Auta, jika kuka samu ne yake koyon baƙi?"

Malam ya ji. Yatsunsa suka tsaya a sama. Ya jira ya ji abin da matarsa za ta ce.

"Malam ne ke aiki," in ji ta. "Zo ta nan, kada mu dame shi."

Ya sauke yatsun ya ci gaba.

Abin da ya buga a safiya ɗaya sai da ya cinye masa kwanaki. Akwatunan tambaya suka yi ta leƙowa, akawun yana sanar da shi, yana rufe su. Wani lokaci ransa yakan ɓaci har ya ture madannai gefe, ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa yana jin iska. A irin wannan lokacin ne tunanin ɓoyayyen Akawu ke zuwa masa, yana nan kusa da ƙafarsa, kira ɗaya kawai yake jira. Ya lura tunanin yana zuwa masa fiye da yadda yake so.

Ranar da ya kai ƙarshen hirar, ya sa aka karanto masa ita duka. Akawun ya murɗe kalmomi da yawa, amma babu wadda ta ɓata. Ya shiga shafin ofis, ya lalubi wurin aikawa, ya danna. Muryar ta ce an aika. Ya zauna kaɗan, sannan ya ɗaga murya ya ce a kira masa Injiniya.

Injiniya ya shigo yana goge hannu a wando. "Ka yi ƙoƙari, Malam, wallahi ka yi. Lokaci bai ƙure ba, yanzu za mu koma."

"Ba komawa na kira ka ba. Share shi za mu yi."

"Share wa?"

"Tsohon."

Injiniya ya ja kujera ya zauna. "Ai da ka bari. Saura kaɗan ya tafi da kansa."

"Na sani. Muddin yana nan, duk sanda wannan ya ɓata min rai can zan waiwaya. Ba na koyon komai da rabin zuciya. Kuma mutumin da ya yi min aiki tsawon shekarun nan, bai kamata in wayi gari kawai in tarar babu shi ba."

"To bari in..."

"A'a. Kai dai gaya min hanya. Ni zan danna."

Injiniya ya janye hannunsa daga kan tebur. Ya riƙa faɗa, Malam yana bi, akawun yana kiran sunan kowane wuri da suka shiga. A ƙarshe muryar ta tambaya, cikin ladabinta, ko ya tabbata, don in an share ba a dawowa. Malam ya saurara har ta gama. Ya danna.

Fankar akwatin ta ɗan ƙara ƙarfi, ta daɗe tana juyi, sannan ta lafa. Muryar ta ce an kammala.

Matarsa ta shigo da shayi ta ajiye musu, ta dubi fuskar mijinta, ta dubi Injiniya, ta fita ba ta tambayi komai ba.

"Sha shayinka kada ya huce," in ji Malam. "Ni ba zan taya ka hira ba yau. Sun turo wata sabuwa, ta wani direban babbar mota, an ce magana yake kamar ana bin sa."

Ya jawo madannai gabansa, ya gyara zama, ya sa abin sauraro a kunnen hagu.